Yadda Ake Zuwa Duwatsun Tongo Daga Kumasi, Mataki-Mataki

Masu karatu sun matsa mini da tambaya a kan Duwatsun Tongo: ta ina ake bi, me ake kashewa, kuma wai da gaske ne sai mutum ya tuɓe riga kafin a bar shi ya shiga? Wasu ɗalibai ne masu son fita yawon buɗe ido lokacin hutu. Wasu 'yan kasuwa ne da ke zuwa Bolga (Bolgatanga) sarin kwanduna da fugu, wato rigar saƙi ta arewacin Ghana, suna so su leƙa tunda sun riga sun je kusa. Wasu kuma, a faɗi gaskiya, sun ji ana cewa wurin yana da wani ƙarfi na ɓoye, shi ne abin ke musu yawo a rai.

Wurin da ake nufi shi ne Tengzug, ƙauyen da ke can cikin duwatsu a gundumar Talensi ta yankin Upper East a arewacin Ghana, bai kai kilomita 20 daga Bolgatanga ba. A can kogon Tonna'ab yake, wurin bautar gargajiya na Talensawa, wanda mutanen kudu suka fi sani da Nana Tongo. Hanyar ba wuya gare ta ba, nisa ne kawai. Abin da ke ɓata wa mutanenmu tafiya shi ne su isa bakin kogon ba su san abin da za su yarda da shi da wanda ba za su yarda ba. Don haka da wannan zan fara.

1. Ka san iyakarka tun kana gida

Ziyarar Tengzug kashi biyu ce, kuma ba dole ne ka haɗa su ba. Kashi na farko kallo ne: duwatsun da suka hau kan juna, gidan sarki, kogunan da ke kewaye, gonakin da aka jera wa duwatsu hawa-hawa a jikin tudu. Kashi na biyu shi ne shiga kogon Tonna'ab kansa. Wannan yana da doka, kuma dokar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: a cire takalmi, a cire duk abin da ke jiki daga ƙugu zuwa sama, a naɗe wando zuwa gwiwa. Namiji da mace duk ɗaya.

Ga 'yar'uwa Musulma magana ta ƙare a nan, ba sai an je wurin malam ba. Ga namiji, wasu kan ce ai ƙirji ba al'aura ba ne. Haka ne, amma a nan ba don zafi ake cire rigar ba, don girmama abin da ke cikin kogon ake cire ta, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ka kai wa malaminka kafin ka sayi tikiti. A ganina kallo daga waje ya wadatar. Mai zuwa neman biyan buƙata kuwa, ko duba, ko kai kaza a yanka, ba da shi nake ba. Hadisin da ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba sananne ne a kowace makarantar zango.

Na san cikin masu jin Hausa a Kumasi akwai Kirista, akwai Frafra da Talensawan da wurin nan gidansu ne. Kowa da ma'auninsa. Abin da nake cewa kowa ya auna tun yana unguwarsu a Kumasi, Aboabo ko Asawase, ba sai yana tsaye a kan dutse ana jiransa ba.

Gargaɗi: in ƙungiya ce, ku zauna ku yi wannan magana a fili kafin a tara kuɗi. Ƙungiyar da ba ta yi ba takan rabu biyu a gindin dutse, ana musun addini a gaban masu gida. Abin kunya ne.

2. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Ruwa ya ɗauke, an gama girbi, safiya da sanyi. A cikin hunturu ne kuma, musamman Nuwamba da Disamba, iska ke ratsa tsakanin duwatsun tana fito, abin da ya sa wurin ya yi suna ke nan. Aibin lokacin ɗaya ne: hazo kan rufe nesa, hoto ba ya fita tas.

Maris da Afrilu zafin arewa ba wasa ba ne, yakan haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. A daidai nan ne ma ake bikin Golob na roƙon damina, wanda a cikinsa dokar barin riga kan fita daga kogo ta mamaye ƙauyen. Wanda bai shirya wa haka ba ya kauce wa waɗannan makonni. Bikin girbi, Boaram, yakan faɗo wajen Oktoba zuwa Nuwamba.

Damina kuwa ƙasa ta yi kore shar, abin sha'awa, sai dai dutse yana santsi, ciyawa ta rufe hanya, macizai sun fito. Wajen Agusta da Satumba, in an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, farin kogin Bolta kan cika ya malale gonakin Pwalugu da kewaye.

3. Lissafin kuɗi

Kuɗin mota yana bin farashin mai, don haka lissafin wanda ya je bara ba zai yi maka aiki ba. Ka je tasha da kanka, ko ka aika yaro, kwana biyu kafin tafiya ya jiyo farashin ranar. Sannan ka kasa kuɗinka gida shida: motar zuwa da dawowa, wadda ita ce mafi tsoka, masauki na kwana biyu a Bolga, abinci da ruwa, abin hawa daga Bolga zuwa Tengzug da dawowa, kuɗin shiga da na ɗan jagora, sai na ko-ta-kwana, wanda bai kamata ya gaza kuɗin motar dawowa ba. Wannan na ƙarshe ka ɓoye shi daban, kada ya haɗa aljihu da na kashewa.

Ka nemi canji tun daga Kumasi, 'yan sidi 5, 10 da 20. Takardar 100 ko 200 a ƙauye matsala ce, ba mai canji, ƙarshenta ka bar ragowar ba da son ranka ba. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, yana aiki lafiya a Bolga, amma cikin duwatsu layi kan ɗauke, kada ka dogara da shi wajen biyan ɗan jagora.

4. Kaya

Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, ba kuma takalmin Juma'a mai santsi ba. Wando mai sakewa. Doguwar riga da babbar riga a bar su a masauki, suna harɗe ƙafa wajen hawa. 'Yan'uwa mata su sa wando a ƙarƙashin zane ko abaya, hijabin kuma ya zama madaidaici wanda ba zai maƙale a ƙaya ba. Hula mai baki ko malafa, man kaɗe don leɓe da ƙafa, rigar sanyi saboda na'urar sanyaya mota da asubahin hunturu, tocila, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, buta da ƙaramar darduma. Katin Ghana da katin inshorar lafiya su kasance a jikinka, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanyar arewa kuma sukan tambaya. Ruwa aƙalla lita 2 kowane mutum ranar hawa.

5. Daga Kumasi zuwa Bolga

Motocin arewa suna tashi daga Krofrom, manyan kamfanoni irin su STC da VIP kuma suna da tashoshinsu. Ka tabbata motar Bolga ce kai tsaye. In ba ka samu ba, hau ta Tamale ka canja a can, motar Bolga ba ta yankewa da rana.

Hanyar ita ce Techiman, Kintampo, gadar Buipe, gadar Yapei, Tamale, Savelugu, Walewale, Pwalugu, sai Bolga. Kimanin kilomita 540 ne, ka ƙiyasta awa 9 zuwa 10, wani lokaci fiye, gwargwadon tsaye-tsaye da halin titi.

Yawancin mutane motar dare suke bi don su kwana a hanya su tsira da kuɗin masauki. Ni ta safe nake ba da shawara. Tsakanin Techiman da Tamale manyan motocin kaya masu zuwa Burkina sun yi yawa, wasu su lalace a kan titi ba fitila. Ba a manta da Maris 2019 ba, lokacin da manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama da dare kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Gargaɗi na biyu ya fi wannan nauyi. Rikicin sarauta na garin Bawku ya sha taɓa hanyar Walewale zuwa Bolga, har gwamnati ta sa dokar hana fita a Walewale a 2025. Kafin ka tashi ka saurari labarai, ka kuma tambayi direbobin tasha, su suka fi kowa sanin halin da titi ke ciki a ranar. In sun ce a dakata, ka dakata. Ka yi ƙoƙari ka wuce wannan yanki da rana, kuma a cikin mota ka kama bakinka a kan maganar rikicin, ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba.

Batun salla: tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba. Direba ba zai tsaya maka kowane lokaci ba, don haka ka riƙe alwala, in an tsaya cin abinci ka fara da salla kafin ka bi layin waake, wato shinkafa da wake. Masu fara cin abinci su ne ake yi wa oda suna raka'ar farko.

6. Kwana a Bolga

Kada ka wuce Tengzug ranar da ka sauka. Jiki ya gaji, rana ta yi. Ka nemi masauki cikin gari, ka duba ruwa da fanka da gidan sauro kafin ka biya. In kana da ɗan'uwa a zangon Bolga, ka sanar da shi tun kafin ka taso, kada ka faɗo masa da dare da mutum takwas.

A nan ana jin Hausa sosai a kasuwa da tasha, ba za ka ɓata ba. Abinci kuwa ka ci a zango ko wurin da ka ga alamar Musulmi ne ke dafawa. Yankin ana cin alade, ana cin kare, al'adarsu ce, kuma mai sayarwa ba zai ɓoye maka ba in ka tambaya da ladabi. “Mama, naman me ne?” ya isa. Tuwon zafi da miyar ayoyo, gasasshen zabo, koko da ƙosai da safe, duk akwai. Tun da yamma ka sayi ruwanka da burodi ko dabino na gobe, domin a Tengzug ba gidan abinci za ka tarar ba.

7. Daga Bolga zuwa Tengzug

Ka fita ƙarfe 6 na safe, in ya yi latti 7. Akwai motocin haya da keke mai ƙafa uku masu zuwa garin Tongo, hedikwatar gundumar, ta mararrabar Winkogo da ke kan titin Tamale. Daga Tongo saura 'yan kilomitoci a hau tudu zuwa Tengzug, kuma nan ne abin hawa ke wuya. Babur za ka samu, ko ka taka.

Abin da ya fi sauƙi, musamman in kun kai uku ko huɗu, ku ɗauki shatar tasi ko keke tun daga Bolga, ya kai ku, ya jira, ya dawo da ku. Ku yi ciniki a kan abu uku a fili: zuwa, jira na awa nawa, da dawowa. Ku ba da rabi, rabi sai an dawo. Ku karɓi lambar wayarsa, ku kira a gabansa ku ji ta shiga.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sallami direba da tunanin za a samu wani a sama. Ba a samu. Sai mutum ya sauko da ƙafa da tsakar rana, ruwa ya ƙare.

Hanyar hawan ita kanta abin kallo ce. Tana kurɗawa tsakanin manyan duwatsu, ga kuka, ga kaɗanya, ga ɗorawa, wani dutsen ya ɗare kan ɗan'uwansa kamar tulu a kan gammo, ka rantse iska za ta ture shi. Ka ce wa direba ya tafi a hankali, yara da awaki da zabi suna ratsa titi.

8. Rajista, ɗan jagora da gaisuwa

Da isarka kada ka kama hawa. Ka nemi wurin karɓar baƙi, ka rubuta suna, ka biya, a haɗa ka da ɗan jagora ɗan garin. Ka tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa, ko hoto yana ciki, ko ziyarar kogon daban ake biya. In ɗalibai ne ku nuna katin makaranta ku nemi ragi.

A nan ne za ka gaya wa ɗan jagora iyakarka, tun ba a ɗaga ƙafa ba. Ba sai ka yi wa'azi ba. “Ɗan'uwa, mu kallo muka zo, za mu ga gidan sarki da duwatsu, amma ba za mu shiga kogon ba.” Shi ke nan. Sun saba, ba kai ne na farko ba, kuma zai tsara zagayen daidai da haka.

In an kai ku gaban sarki ko wani dattijo, ku rage tsawo, ku bar ɗan jagora ya yi magana, kada ku miƙa hannu sai an miƙo muku, kuma komai da hannun dama. Goro na gaisuwa ba laifi, mu ma al'adarmu ce, ɗan jagora zai gaya maka yadda ake bayarwa. Sai dai ka bambance goron gaisuwa da kuɗin da za a sa a wurin bauta, ka faɗi da bakinka cewa na gaisuwa ne. In an miƙo ƙwaryar fito, wato giyar dawa, ka dafa ƙirji ka yi godiya ka ce ba ka sha. Ba wanda zai ji haushi.

9. Gidan sarki da koguna

Gidan sarkin Tengzug shi ne abin da ni ya fi burge ni, fiye da kogon da ake ta zuzutawa. Gida ɗaya ne na ƙasa, amma mutanen cikinsa sun kai ɗaruruwa. Lunguna ƙanana, wani sai ka karkace kafaɗa, ɗakuna masu zagaye da ƙofofi gajeru, rumbuna a tsakani. Ana hawa rufin soro ta wani gungumen itace mai reshe biyu da aka sassaƙa wa matakai, a sama ka tarar an shanya dawa da barkono da kuɓewa, ka hango gidan gaba ɗaya da duwatsu sun kewaye shi. Ka hau da fuskarka tana kallon itacen, ka sauko haka, kada ka juya masa baya.

Ka lura da ƙafarka. A ƙofar gida da cikin tsakar gida akwai 'yan tuddai na ƙasa, da tukwane a kife, da gashin kaza da busasshen jini a jikinsu. Wuraren bautar kakanni ne. Kada ka zauna a kai, kada ka jingina, kada ka ɗora jaka ko ƙafa don ɗaure igiyar takalmi. Baƙi da yawa sun yi haka bisa rashin sani, suna zaton dakali ne.

Hoto sai da izini, musamman na mata da tsofaffi. Nan gidan mutane ne, suna girki, suna wanka, suna jinya. Yara za su bi ka, kada ka fara raba musu kuɗi, in kana da abin alheri ka ba babba.

Daga nan ɗan jagora zai zaga da ku kogunan da ke kusa, har da wanda aka taɓa yin makaranta a ƙarƙashinsa da wuraren da mutane suka ɓuya lokacin da Turawan Ingila suka kawo yaƙi a 1911 suka kore su daga duwatsun. Ka bi sawunsa. Kada ka zura hannu cikin rami ko tsagar dutse, akwai kunama, akwai maciji, akwai zuma. Kada ka ɗauki dutse ko ƙashi ko ɓallin tukunya don tsaraba, kada ka karya reshe a kurmin da aka ce na tsafi ne, kada ka rubuta sunanka a jikin dutse.

10. A gindin kogon Tonna'ab

Akwai inda za a tsaya a ce daga nan sai an tuɓe. Wanda ya ce ba zai shiga ba, nan zai nemi inuwa ya zauna. Abu biyu nake roƙo a wannan wuri.

Na farko, kada ka yi ciniki da dokar. Kada ka ce a bar ka da singileti, kada ka ce za ka ƙara kuɗi, kada ka lallaɓa ta baya don ka ɗauki bidiyo. Ba za su yarda ba, kuma ɗan jagoran da ya kawo ka shi za ka jefa cikin matsala bayan ka tafi.

Na biyu, kada ka yi dariya ko tsaki ko ka kama tofin Allah-tsine da ƙarfi. Za ka ga mutane sun zo daga nesa, daga kudu har da ƙasashen maƙwabta, riƙe da kaji ko akuya, kowa da damuwarsa. Ba ka yarda da abin da suke yi ba, ni ma haka, amma aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma wasunsu suna jin Hausar da kake gulmarsu da ita. Ka yi azkar ɗinka a zuci.

Wanda addininsa ko ra'ayinsa ya bar shi ya shiga, ya sani hawan na ƙarshe da ƙafa ba takalmi ne, a kan dutse, wani wurin har da hannu. Bayan ƙarfe 10 dutsen yana ƙuna. Ciki ƙasa-ƙasa ne, akwai tarin gashin tsuntsaye da ƙarnin jini, mai saurin tashin zuciya ko mai tsoron tsayi ya haƙura. Ya bar agogo da waya da walat wurin abokin da ke jira.

In lokacin salla ya riske ku a sama, kada ku shimfiɗa darduma a duk inda kuka ga fili. Ku tambayi ɗan jagora wurin da ba na bauta ba, ko ku jira ku sauka Tongo.

11. Saukowa da komawa

Ku yi nufin barin duwatsun kafin azahar. Saukowa ta fi hawa kayar da mutum, domin gwiwa ta gaji kuma hankali ya koma gida. Ku ƙirga kanku kafin mota ta tashi, ku kwashe ledojin ruwanku, ku sallami ɗan jagora da ɗan abin da ya sawwaƙa bayan kuɗin rajista. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ya daina gumi alhali ana zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in bai warware ba a wuce da shi asibitin gunduma a Tongo ko babban asibitin Bolga. Lambar gaggawa 112 ce.

Da kun dawo Bolga, ku fara zuwa tasha ku yanki tikitin gobe kafin ku shiga kasuwa. Kasuwar Bolga kowane kwana uku take ci, in kun dace da ranarta kwando da fugu da kayan fata sun fi na kasuwar Kejetia ta Kumasi sauƙi, amma ku tuna ana biyan kuɗin kaya a mota, manyan kwanduna kuma suna cin wuri. A cusa ƙanana cikin manya, a ɗaure su a buhu ɗaya, a rubuta suna da lambar waya a jiki, sannan ka tsaya ka ga yaron mota ya sa shi a ciki da idonka kafin ka hau. Zazzaɓin da ya taso cikin mako biyu bayan dawowa, a je a gwada jini, a kuma gaya wa likita cewa daga arewa aka dawo.